Katakon da Na Riƙe Maka, Masta Abdulsalami

Daga Allah muka zo, wurinsa kuma za mu koma. A wannan karon Masta Abdulsalami Bukari ne ya riga mu. Ya cika da hantsin ranar Talata, sha huɗu ga Janairu, 2025, daidai da sha huɗu ga Rajab, bayan kwana tara a asibiti, inda hawan jini ya shanye masa ɓarin hagu. Shekararsa sittin da uku. An sallace shi bayan la'asar a ƙofar masallacin layinmu a Nima, aka kai shi makwancinsa a maƙabartar unguwar Madina, nan Accra. Motocin haya na trotro bakwai suka cika maƙil, ban da masu babur, ban da waɗanda suka tsaya a bakin titi suna ɗaga hannu saboda ba su sami wuri ba.

Ni ne Fatawu, ɗan Mma Azara mai koko da ƙosai a bakin babbar kwata. Duk wanda ya san ni zai yi mamakin ganin sunana a jikin ta'aziyya, domin daga Nima har Maamobi ba a san ni da komai ba sai tsokana. Amma shekara goma sha biyu na yi ina koyon kareti a hannun Masta. Akwai maganar da shi ya kamata ya fara ji daga bakina, ban gaya masa ba har ya tafi. Akwai kuma mutumin da aka ɗora wa laifina, yana ɗauke da shi har yau. Saboda su biyun na zauna rubutun nan.

Masta, bari in fara da ranar da aka kawo ni wurinka.

Ina da shekara sha biyu, Baabana bai cika shekara da rasuwa ba, kuma babu mai iya riƙe ni. Wata Juma'a, jama'a na cikin sallah, na bi takalman da ke ƙofar masallaci na tsince na ƙafar hagu kaɗai, na zuba a buhu, na rataye a bishiyar mangwaro. Aka sallame, dattawa suka fito suna ɗingishi da ƙafa guda, har da ladan. Kafin la'asar Mma ta kamo kunnena ta jawo ni har filin simintin nan na bayan gidanku, wanda da rana mata ke shanya a kansa, da sassafe da yamma kuma ya zama wurin horonka. Tana kuka tana cewa ka yi mini dukan da ubana zai yi da yana raye.

Ka dube ni daga sama har ƙasa, ka ce, "Takalmi nawa?"

Na ce, "Arba'in da ɗaya."

"Duk na hagu?"

"Duk."

"Cikin raka'a biyu?"

Na gyaɗa kai. Ka juya wurin Mma ka ce, "Mma Azara, yaron nan yana da sauri, yana da lura. Inda zai kai su ne bai sani ba. Bar mini shi."

Na zaci gobe zan fara tashi sama ina shurin iska kamar yadda muke gani a sinima. Wata uku cur ban kai naushi ko ɗaya ba. Aikina shara, da jera takalman ɗalibai ƙafa da ƙafa, kowane da ɗan'uwansa, sai kuma tsayuwar nan ta mai zama a kan kujerar da babu ita, har cinyoyina su riƙa rawa kamar an kaɗa musu ganga. In na ce na gaji, sai ka ce in karanto maka Tabaraka da ka, in na gama in miƙe. A tsayuwar nan na gyara haddar da dorinar malaminmu ta kasa gyarawa.

Waɗanda ba su san ka ba za su ɗauka ƙato ne mai ƙirji kamar ƙofar gareji. Gajere ne kai, siriri, mai ƙaramar murya, kana tafiya kamar mai tsoron taka tururuwa. Gadi kake yi a wani kanti a Adabraka, ka dawo ka cire yunifom ka ɗaura baƙar ɗamararka wadda tsufa ya mayar ruwan toka. Ba ka taɓa korar yaro don iyayensa ba su kawo komai ba. Wanda ba shi da farin kaya, ka ce ya zo da abin da ke jikinsa, kaya ba su yin faɗa.

Dattawan layinmu suna tuna lokacin da liman Malam Zubairu ya aiko a kira ka, saboda an kai masa labari cewa yara na yi maka ruku'u kafin horo. Da wani ne, da sai ya tsaya yana bayanin cewa gaisuwar masu wasan ce, haka ake yi a duk duniya. Kai ka cire takalmi, ka zauna a ƙasa ka ce, "Malam, kana da gaskiya. Baya ba ya lanƙwasa sai ga wanda ya yi shi." Tun daga ranar ka sauya mana gaisuwa: hannun dama a ƙirji, kai a miƙe, da cikakkiyar sallama. Da muka je gasa wani alƙalin wasa ya yi gunaguni, ka ja shi gefe da murmushi, ban san me ka gaya masa ba, amma da muka tashi tafiya shi ma hannu ya ɗora a ƙirji. Malam Zubairu kuwa daga baya jikokinsa uku ya turo maka.

Haka lokacin zaɓe, sa'ad da masu manyan motoci ke yawo a zango suna neman samari masu ƙwanji da za su tsorata musu abokan hamayya. Wani ya zo da gilashinsa baƙi, ya ce yana son yara goma na kwana uku kawai. Ka sa na shimfiɗa masa tabarma, ka haɗa masa shayi da hannunka, ka bar shi ya yi maganarsa har ƙarshe. Sannan ka nuna mu ɗaya bayan ɗaya, kana faɗin sunan uwar kowa da sana'arta: wannan ɗan mai sayar da waakye ne, shinkafa da wake, wannan uwarsa dako take yi a kasuwa, wannan marayan Mma Azara ne. Ka ce, "Je ka tambayo su. Duk wadda ta ce a ba ka ɗanta, zan kawo maka shi da kaina." Mutumin bai ƙarasa shayinsa ba.

Gidanka kuwa kotu ce marar ɗan sanda. Mata da miji, mai gida da ɗan haya, 'yan'uwan da suka daina gaisawa saboda layin famfo, duk wurinka suke ƙarewa. Kana da dabara guda wadda na tsana a lokacin: ba ka barin mutum ya faɗi ƙorafinsa sai ya fara faɗin na abokin faɗansa, daidai yadda shi mai shi zai yarda cewa haka ne. Na ga yayata da mijinta sun shigo kowa na huci, ka sa ta faɗi abin da ke damunsa, ta fara da gatse, ka ce ta sake, ta sake, a karo na uku muryarta ta karye. Yau 'ya'yansu huɗu. Kai ka kai ni wurin koyon ɗinki a New Town, ka tsaya a matsayin uba, ka gaya wa mai shagon, "In ya yi maka tsiya kada ka kore shi, aiko mini." Ya aiko maka sau goma sha ɗaya. Na ƙirga. Ranar da na ɗinke ƙafar wandon wani ango ta ƙasa, ya sa ƙafa ta ƙi fita, kai ka je ka ba da haƙuri, kana ƙoƙarin haɗe fuska dariya na ƙwace maka.

Ba ka taɓa hana ni wasa ba. Abin da kake cewa shi ne, "Fatawu, dariyar da mutum ɗaya ke kuka a cikinta ba dariya ba ce." Ranar da na tsokani 'yarka Ruhaina na ce mace da hijabi me za ta iya, ba ka yi mini faɗa ba, cewa ka yi mu fito fili. Har yau ban san ta ina ta bi ba. Na dai ga sama, na ga igiyar shanya, na ga fuskar Mma Zuera matarka tana leƙowa ta taga tana tambaya ko a kawo mini ruwa.

To, Masta, na gama zagaye-zagaye. Ga maganar.

Basit shi ne babban ɗalibinka, shi ya fara ɗaura baƙar ɗamara a hannunka. Kafinta ne, mutum ne mai shiru, ba ya dariya sai da dalili, kuma ba ya ganin dalili a wurina. In na karkace a tsayuwa shi ke zuwa ya taɓa mini gwiwa da ƙafa ya ce, "Ɗan wasa, sauka ƙasa." Bai taɓa zaluntata ba. Ni dai na ƙudura a raina sai na sa an yi masa dariya ko sau ɗaya.

Duk shekara, washegarin ƙaramar Sallah, mukan yi wasa a kan titi, a kafa rumfuna, sarakunan zango su zauna, yara su nuna abin da suka koya. Abin da kowa ke jira shi ne ƙarshe, inda ake fasa katako da hannu. Katakon da ake amfani da shi mai laushi ne, marar nauyi, wanda kafintocin nan ke kira wawa. Basit ke yanka su a shagonsa, ya shafa musu farin fenti don su yi kyau a idon jama'a. A Sallar 2018, ina da shekara sha bakwai, ni ya aika in kwaso su. A bayan shagon na ga guntun tsohuwar ƙofa ta odum, itacen nan mai taurin da ƙusa ke lanƙwasa a jikinsa. Na ɗauke shi da ragowar fenti. Na yanka shi daidai da sauran da zarton maƙwabcinmu, na shafe shi fari fes, na shanya a kan rufin ɗakinmu. Ranar wasa na roƙa a bar ni in riƙe katako, aka bar ni.

Basit ya fasa uku a jere, jama'a na tafi. Sai na jawo nawa daga ƙasa. Ya kai naushi, aka ji ƙwas, kamar an ƙwanƙwasa ƙofar da ba kowa a ciki. Katako na nan. Dariya ta ɓarke. Ya ja baya ya sake, fatar hannunsa ta tsage, katako na nan. Wata mai sayar da lemo ta ɗaga murya ta ce, "Azumi ya cinye shi!" Ni ina cije leɓe don kada dariyata ta fito. Abin da na nema na samu.

Sai ka miƙe.

Ka zo ka dafa kafaɗar Basit ka ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Ka fasa uku, ɗana, bar wa tsoho ɗaya kada ya koma gida hannu banza." Aka yi dariya, amma yanzu da kai ake yi, ba da shi ba. Ka tsaya a gabana, ka auna nisa, ka ce, "Fatawu, riƙe da kyau."

Daga wannan kalma zuwa saukar hannunka, akwai lokacin da ya isa a karanta Ƙulhuwallahu ƙafa uku. Na sani domin na sha auna shi a raina. Kana jan numfashi, kana kai hannu a hankali kana dawo da shi. Kalma biyu sun isa: Masta, tsaya. Ko in yi kamar katakon ya suɓuce mini. Amma sarakuna na zaune, Mma na cikin jama'a da sabon zaninta, kuma na san in na yi magana kowa zai gane. Na ƙara riƙewa da kyau kamar yadda ka ce.

Ka fasa shi. Wallahi ka fasa odum da hannu, kana da shekara hamsin da shida. Titi ya ɗauki ihu. Amma ni da ke kusa, ƙara biyu na ji, kuma ɗaya ba ta katako ba ce.

Fuskarka ba ta nuna komai ba. Ka mayar da hannun dama baya, ka ɗora na hagu a ƙirji, ka yi wa jama'a sallama. Ka tsaya har sarakuna suka tashi, ka raka su mota, kana amsa barka da Sallah. Sai da rumfa ta watse ka ce wa Mma Zuera a hankali ta ba ka ɗankwalinta ka ɗaure hannun. A lokacin yara sun riga sun tsinci ɓangarorin katakon suna nuna wa mutane cikinsa, ja-ja, mai nauyi, ba irin sauran ba.

An tambaye ni, ba a ƙi tambayata ba. Wani dattijo ya ce, "Kai da ka riƙe, ba ka ji nauyinsa ba?" Na ce, "Baaba, ni da na yi azumi talatin, ko cokali nauyi yake mini." Aka fashe da dariya, aka wuce ni. Ban taɓa faɗin maganar da ta ba mutane dariya kamar wannan ba, kuma ban taɓa faɗin wadda ta fi ta muni ba.

Idanu suka koma kan Basit. Shi ya yanka, shi ya yi fenti. Kuma kowa ya san yana shirin buɗe nasa wurin horo a Maamobi, duk da cewa da yardarka ne. Sai bakin mutane ya ƙulla sauran: wai da gangan ya sa, wai bugun ƙarya ya yi don ya jawo ka fili ka kunyata, ɗalibai su koma wurinsa. Ka tara mu da hannunka a ɗaure ka ce Basit ba zai aikata haka ba, kuma ka hana kowa bincike, ka ce magana ta mutu. A filinmu ta mutu. A wurin masu shayi da bakin famfo ba ta mutu ba. Yara suka fara kiransa Odum in zai wuce. Iyayen da suka yi alkawarin kai masa 'ya'ya suka janye. Kafin babbar Sallah ya kwashe kayan aikinsa ya koma garin Ashaiman. Sau uku na san ka hau mota ka bi shi, sau uku ka dawo kai kaɗai.

Mai ɗori ya yi nasa, asibiti suka yi nasu, amma manuniyar yatsarka ta warke a karkace, ba ta ƙara miƙewa ba. Kuma ni a gefenka nake tsayawa a sahu, domin tun ina yaro ka ce in riƙa tsayawa inda idonka zai gan ni. Duk zaman tahiya, in ka ɗaga yatsar nan don shahada, lanƙwasasshiya take tashi, tana kallon bango maimakon alƙibla. Wani ya taɓa yi maka jaje a kai, ka ce, "Wanda nake nunawa ya san inda ta nufa." Shekara shida da rabi ina ganin yatsar nan a cikin sallah. Ban san sallolin nawa na yi da zuciyata a wurin ba.

Kuma ba ka canza mini ba ko kaɗan. A shekarar da ta biyo baya ka ɗaura mini ɗamara mai ruwan ƙasa da wannan hannun. Da Mma ta kwanta ciwo, kai ka riƙa aiko Ruhaina da tuwo. Da ka tsawata mini sau ɗaya, ko ka dube ni wani iri, da wataƙila na sami ƙofar magana. Alherinka ne ya riƙa rufe mini baki, kullum ina cewa bari sai ranar da ya dace.

Da ka kwanta a asibiti na ce ranar ta zo. Litinin da yamma na same ka kai kaɗai, Mma Zuera ta fita alwala. Bakinka ya karkace, magana ba ta fita sosai, amma idonka na nan yadda na san shi. Na durƙusa na ce, "Masta, akwai abin da nake so in gaya maka." Ka juyo. Sai na ji bakina, wannan bakin da bai taɓa tsayawa inda aka aike shi ba, yana ba ka labarin yadda na ruɗi wani sabon nas na ce masa ni likitan ƙashi ne daga Kumasi. Ka yi dariya da rabin fuska har hawaye ya zubo. Ka kama hannuna da damanka, na ji yatsar nan a tafina. Na ce a raina, gobe. Washegari ina shago ina guga Ruhaina ta kira ni ta ce ka cika.

Ina cikin waɗanda suka zuba ruwa a wankanka. Ba zan ce komai a kan wannan ba.

Basit ya zo jana'iza. A sahun ƙarshe ya tsaya, ya rame, gemunsa ya fara fari. Da aka ɗauko ka ya matso don ya sa kafaɗa, sai na ji wani a bayana ya ce, "Ji Odum, bai ji kunya ba." Basit ma ya ji. Ya janye kafaɗarsa, ya koma baya. Mutumin da ya fi kowa cancantar ɗaukarka bai taɓa makararka ba, ni kuwa ina riƙe da ita ta gaba.

Ranar addu'ar uku, bayan mutane sun ragu, na shiga wurin Mma Zuera na zube a ƙasa na faɗa mata komai, tun daga guntun ƙofa har cokali. Ta ajiye carbinta. Sannan ta ce, "Tashi ka zauna kamar mutum."

Na zauna.

Ta ce, "Tun ranar da aka ɗaure masa hannu na ce ya bincika. Ya ce in ya bincika zai samu, in ya samu kuma akwai yaron da ba zai ƙara samun wurin zuwa ba. Ya ce ko wane ne ya yafe masa duniya da lahira. A gabana ya faɗa, ni shaida ce, wannan ka samu. Amma na ga yadda yake dawowa daga Ashaiman ya tura kwanon tuwo gefe. Wannan ba ciwon yatsa ba ne. Kuma ba ni da ikon yafe maka shi, shi ma da yana nan ba shi da iko."

Na tambaye ta ko ka san ni ne. Ta ce ba ka taɓa kama suna ba, ita ma ba za ta sa maka magana a baki ba.

Washegari na hau trotro zuwa Ashaiman. Na sami Basit a wata 'yar rumfar kwano yana goge ƙafar kujera. Na yi sallama, ya amsa bai ɗago ba. Na faɗa masa a tsaye, ban ƙawata ba, ban sa wasa ba. Ya ci gaba da gugarsa har na gama.

Ya ce, "Tun a ranar zuciyata ta ba ni kai ne. Kai ka riƙe."

Na ce, "Yaya Basit, me ya hana ka faɗa?"

"Masta ya ce kada a bincika. Ban taɓa ƙetare maganarsa ba." Ya hure ƙurar katakon. "Kuma wa zai yarda da ni? Kai kana ba su dariya. Ni ba na ba su."

Na ce ya yafe mini don Allah, in ya so ya yi mini duk dukan da ya ga dama, ba zan kare ba.

Sai a nan ya ajiye abin hannunsa ya dube ni. Ya ce, da irin kiran nan na samarin Accra, "Chale, ba a koya mini don in doki irinka ba. Uwata ta mutu tana jin yara na kiran ɗanta da sunan itace. A tsakiyar titi aka ɓata ni, kai kuma ka zo gyarawa a kunne, a rumfar da ba kowa sai ni da kujera? Je ka rubuta. Ka sa sunanka da na uwarka. A karanta ranar sadakar arba'in, a tura a waya kowa ya gani. In ka yi, ka dawo, mu ji abin da zuciyata za ta ce. Ban yi maka alkawari ba."

Na je na gaya wa Mma kafin ta ji a bakin wani. Kwana biyu ba ta yi mini magana ba. A na uku ta ce in rubuta, kuma kada in rage ko wasali.

To, jama'ar Nima da Maamobi da New Town, da duk wanda ya tsaya a titin nan ranar wasan Sallar 2018, da duk wanda ya ji a bakin wani ya kai gaba: ni, Fatawu ɗan Azara, ni na sa katakon odum a cikin na Masta, ni na yi masa fenti, ni na riƙe shi, ni na yi shiru. Basit bai sani ba, bai gani ba, hannunsa ma ya tsage a kai. Wanda ya taɓa kiransa da wancan suna, ni na sa masa shi a baki, amma yanzu ya ji gaskiya, abin da ya rage tsakaninsa da Allah ne. Hanyar Ashaiman ba ta da nisa. Abin da za ku kira ni da shi daga yau kuwa, na ɗauka.

Masta, ka riƙe marayu, ka raba faɗa, ka hana 'ya'yan mutane zama sandar wasu, ka ɓoye ciwonka don kada a tozarta yaro ɗaya. Allah ya ɓoye naka aibin kamar yadda ka ɓoye na wasu. Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata maka kabari, ya sanya haske a cikinsa. Allah ya ba ka littafinka a hannun dama, ya haɗa ka da Manzonsa, tsira da aminci su tabbata a gare shi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mma Zuera, da Ruhaina da ƙannenta, da dangi na nan da na arewa, da ɗalibanka manya da ƙanana, da Malam Zubairu da jama'ar masallacinmu. Allah ya ba ku haƙurin rashinsa, ya tsaya muku a inda ya saba tsayawa. Ta'aziyya ta musamman ga Yaya Basit, wanda ya rasa malaminsa tun kafin mu mu rasa shi. Na rubuta, Yaya. Asabar bayan sadakar arba'in ina zuwa, zan tsaya a ƙofar rumfa har ka ce in shigo ko in koma.

Allah ya sa mu cika da imani.

Fatawu ɗan Azara,
Nima, Accra.